Filin Amsa Tambayoyinku: "An Ce" Ɗin Nan, Wa Ya Ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malama ce a wata makarantar gaba da lise a nan Maraɗi. Bana aka ɗora mini darasin sadarwa da rubutu, awa biyu a mako, ɗalibai sun haura saba'in, duk 'yan shekarar farko. Mako uku ke nan ina karanto musu tarihin jarida da ma'anonin kalmomi, suna kwafa a kaye kamar abin kirki. Amma ana tashi sai ka ga su ne dai masu turo mini saƙon murya a WhatsApp, wai an ce kaza ya faru a iyaka, wai kar a ci kaza. Tunda ka daɗe a aikin rediyo, ta ina zan kama musu su riƙa auna abin da suke ji, su kuma iya rubuta nasu? Daga 'yarka, unguwar Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki ɗan rufe littafin tarihin nan tukuna, za a dawo gare shi. Bari in fara ba ki labarin yadda ni aka koya mini, don ba a aji na koya ba.

Ina da wata biyar da fara aiki, wani yaro ya kawo takardar sanarwar rasuwa da kuɗinta. An rubuta sunan mamaci da ƙauyensu, can wajen Gidan Rumji, sai wani laƙabi a gefe. Na dubi laƙabin na ga kamar bai dace a faɗe shi a rediyo ba, na tsallake shi. Na karanta da la'asar, na maimaita bayan magariba da muryar nan ta jimami da muke yi. Washegari da hantsi maigadi ya leƙo ya ce ana sallama da ni. Na fito na tarar da wani dattijo zaune a kan benci, takalmansa a hannu, ƙafafu duk ƙura. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, kai ne ka kashe ni jiya?" Ashe su biyu ne masu suna ɗaya a ƙauyen, laƙabin da na jefar shi ne ke raba su. Ɗiyarsa da ke aure a Jibiya ta ranci kuɗin mota ta taho tana kuka, ta same shi yana ba akuya dusa. Bai zage ni ba. Cewa ya yi in biya ta kuɗin motarta zuwa da komawa, na kuwa biya daga albashina. Daga ranar ban ƙara karanta sunan mutum ba sai na tambayi wanda ya kawo, wane daga ciki?

Abin da nake so ki ɗauka ke nan. Ɗalibi ba ya iya auna labarin wani sai ya taɓa haɗa nasa, ya sa sunansa a ƙasa, wani ya tare shi ya ce ba haka aka yi ba. Tambayoyinki biyu, na aunawa da na rubutu, hanyarsu ɗaya ce, kuma ta rubutun za ki shiga.

Aikin farko kar ya wuce layi goma. Ranar Juma'a ki tura su kasuwa, kowa ya dawo da amsar tambaya ɗaya: nawa ne tiyar hatsi yau? Na sha ba da wannan aikin ga matasan da ake kawo mana koyon aiki, kuma ban taɓa samun amsa iri ɗaya ba. Wani ya tambaya da safe, wani da yamma bayan motocin ƙauye sun sauke. Wani an gan shi da takalmin 'yan boko an ƙara masa dala ashirin. Wata ta tambayi kuɗin sabon hatsi, ƙawarta ta tambayi na tsoho, ba su ma san da bambanci ba. Kullum kuma akwai gwani ɗaya wanda bai taka kasuwar ba, ɗan kabu-kabun da ya kawo shi makaranta ya tambaya. Ki rubuta duk alƙaluman a allo, ki juyo ki ce, to wanne za mu faɗa wa duniya? Ki bar su su yi ta musu. A nan ne za su gane da kansu cewa in tiya ɗaya a garinsu, a kasuwar da suka sani tun suna goye, ta gagara haɗa baki, to mai faɗin adadin mutanen da aka kashe a daji, cikin dare, daga nisan kilomita ɗari biyu, dole a tambaye shi inda ya samo.

Daga nan ki sa musu doka ɗaya, ita za ta riƙe ki har ƙarshen shekara. Duk jimlar da ɗalibi ya rubuta, ya iya nuna ko idonsa ne ya gani, ko wani ne ya gaya masa kuma ya san wanin, ko kuwa "an ce" ce kawai. Ta ukun ba ta shiga takarda. Hausa tana da sauƙin ɓoye mai magana: an ce, wai, ana raɗe-raɗin, majiya ta shaida mana. Ki ɗauki jan bik ki riƙa zagaye waɗannan kalmomin, ki rubuta "wa?" a gefe. Za su tsane ki na wata guda.

Kuma wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinsu, kar ki gabatar musu da shi kamar kayan Turawa. Mafi yawansu sun yi islamiyya, sun san isnadi: wane daga wane daga wane, in mutum ɗaya ya faɗi a sarƙar hadisin ya yi rauni. Sun san ayar da ke cikin Suratul Hujurati, ta shida, wadda ta ce in fasiƙi ya zo da labari a nemi bayani. Sun san hadisin da ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Abin mamaki shi ne yaron da zai tsayar da kai kan ingancin ruwaya, shi ne zai tura muryar mutumin da bai san ko sunansa ba zuwa zaure goma kafin shayi ya tafasa. Ki haɗa masa biyun a kansa, ki ce saƙon nan ina isnadinsa?

Ga saƙon murya, ki kawo ɗaya aji ku saurara tare, sau biyu. A karo na biyu su riƙe bik. Mai maganar ya faɗi sunansa? Ya faɗi rana, ko "jiya da dare" kawai ya ce, jiyan da za ta iya zama ta shekara uku da suka wuce? Ya faɗi sunan gari? Harshensa na ina ne, naira yake lissafi ko jika? Mu da ke bakin iyaka rabin abin da ke shigo mana a salula daga Katsina da Zamfara da Kano yake, sai a cire sunan garin a manna Madarunfa ko Ɗan Isa. WhatsApp ɗin kansa yana sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da aka yi ta turawa, ki nuna musu ita, da yawa ba su taɓa lura ba. Hoto kuwa, kafin a kai ga Google Lens, manhajar nan mai nemo asalin hoto a intanet, ido ma yana aiki: lambar mota, kakin ɗan sanda, rubutun jikin shago ko Faransanci ne ko Ingilishi. Yanzu har muryar mutum ana ƙirƙira da kwamfuta, don haka "ai na ji muryarsa" ta daina zama hujja ita kaɗai.

Sai manyan kafafe. Ki raba ajin uku, dare ɗaya, labari ɗaya. Wasu su saurari Muryar Sahel, wasu wata tasha mai zaman kanta ta nan gari kamar Anfani ko Sarauniya, wasu kuma wata ta waje. Ba ra'ayinsu kike nema ba, ƙirga za su yi. Labarin na nawa ne a jeri, minti nawa aka ba shi, muryar wa aka sa, wa aka ambata ba a ji bakinsa ba. Su rubuta kalmomin daidai yadda aka faɗe su: wannan ta ce 'yan bindiga, waccan ta ce 'yan ta'adda, wata ta ce ɓarayin daji. Mutanen ɗaya ne, amma kowace kalma da hukuncin da ta riga ta yanke.

Misalin da ya fi kowanne a wurina a ƙofar gidanmu ya faru, a 2005. Damina ta 2004 ta yi gardama, fara ta zo ta ƙarasa. Tsakiyar 2005 'yan jaridar duniya suka cika Maraɗi, kyamara a kan yara masu tamowa a cibiyoyin ƙungiyar likitoci ta MSF, kalmar da ke bakinsu ita ce yunwa. Shugaba Tanja Mamadu ya fito a watan Agusta ya ce ba yunwa ake ba, ƙarancin abinci ne a wasu yankuna. Mu kuwa da ke garin muna ganin abu na uku da bai cika shiga hoto ba: hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Yaran da aka nuna gaskiya ne, na gan su. Buhunan da ke kasuwa su ma gaskiya ne. Mai kyamara ya zaɓi inda zai juya ta, mai mulki ya zaɓi kalmar da ba za ta ba shi kunya ba. Ɗalibanki ko ba a haife su ba ko suna goye lokacin, don haka ki tura su gida su tambayi uwa ko kaka abin da aka ci a gidan a waccan shekarar, su rubuto shafi ɗaya. Za ki sha mamakin abin da zai fito, kuma za ki ga masu barci a bayan aji sun farka.

A nan ne tarihin da na ce ki rufe zai yi amfani, don yanzu suna da tambayar da zai amsa musu: wa ke biyan kuɗin tashar? BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI ta Faransa a 2007. Ba don ƙaunar karin maganarmu aka buɗe su ba, kowace ƙasa tana so a ji duniya ta bakinta, haka ma Sin da Iran da Turkiyya da suka buɗe nasu sassan. Wannan bai sa aikinsu ya zama ƙarya ba, akwai ƙwararru a cikinsu da na sara wa. Amma a watan Maris na 2025, da gwamnatin Amurka ta juya wa Muryar Amurka baya, ai tsit muka ji. Muryar Sahel da Tele Sahel na gwamnati ne, kowace gwamnati. Tashoshi masu zaman kansu sun samu fili ne bayan taron ƙasa na 1991, kuma da me suke rayuwa? Sanarwar aure da suna da rasuwa, tallar 'yan kasuwa, sai masu maganin gargajiya da ke sayen rabin awa su ce ƙullinsu ɗaya yana maganin basir da hawan jini da aljanu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na zauna a ɗakin labarai na ga yadda ake ajiye labari a aljihun tebur don mai shagon da ya shafa shi ke biyan kuɗin gazuwal na janareta. Ba na faɗi don in tona asirin abokan aiki ba, ni ma na yi shiru a ranar.

Inda za su fitar da rubutun, ki nemi allo ɗaya a bakin aji ki mai da shi jaridar bango. Kowane mako rubutu biyar, da sunan mai shi, kuma kafin a manna ya tashi ya karanta a gaban 'yan ajin su yi masa tambayoyi. In aka kama kuskure bayan an manna, shi da hannunsa zai rubuta gyara ya manna a ƙasa, kuma ki ba gyaran maki. Eh, maki. Mutanenmu sun ɗauki "na yi kuskure" kamar zubar da girma, ki karya musu wannan tun yanzu. Da ɗalibai saba'in ba za ki iya duba komai ba, ki haɗa su biyu-biyu, kowa ya zama mai binciken ɗan'uwansa, in ƙarya ta wuce su biyun ne suka faɗi.

Magana ta ƙarshe, kuma ki riƙe ta da kyau, don 'ya'yan mutane ne a hannunki. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan. A 2022 an cire ɗauri kan zagi da ɓata suna, a watan Yunin 2024 aka dawo da shi, kuma yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a shi ma yana kai mutum kaso. Sun san an dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, BBC kuma a Disambar 2024. Ki karanta musu dokar a aji, su san turawa ma yaɗawa ce. Batun tsaro da siyasa, su koyi sauraronsa da aunawa, amma hannunsu ya fara ƙwarewa a kan abin da ƙafarsu za ta kai: famfon unguwa da ya yi wata biyu ba ruwa, kwalbatin da ta toshe tun ruwan ƙarshen Agustan 2024, kuɗin hayar ɗakin ɗalibai, layin asibiti. Wanda ya iya rubuta labarin famfo ba tare da "an ce" ba, ya ji ta bakin mai unguwa da na mata masu ɗiban ruwa da na ma'aikacin ruwan, ya yi rabin tafiya.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗana na jami'a shekara ta biyu. Tunda ya shiga ba a isa a kunna rediyo a gidana ba. Kowace tasha 'yar amshin shata ce, kowane labari ƙarya ne. Ran nan a wurin suna ya musa wa kawunsa a gaban mutane har rai ya ɓaci. Wannan ne karatun? Daga wani uba, Tibiri.

AMSA: Alhaji, Allah ya ba da haƙuri, a ba kawu haƙuri kuma. Yaronka ya yi rabin karatu ne, kuma rabin nan ya fi jahilci wahalar zama da shi. Wanda ya ce komai ƙarya ne bai fi wanda ya ce komai gaskiya ne ba, su biyun sun huta da bincike. Na ma lura masu cewa duk rediyo ƙarya ce, su ne suka fi saurin gaskata wani mai ihu a TikTok, don shi yana faɗin abin da ransu ke so.

Kar ka hana shi musu. In ya ce ƙarya ne, ka ce masa to madalla, mece ce gaskiyar, kuma wa ya gaya maka? Ka ba shi kwana biyu ya kawo. In ya kawo ka saurare shi tsakani da Allah, don wata rana shi ne zai cece ku. Ka tuna Agustan 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zagaya Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Mutane sun kwanta asibiti, wasu sun rasa rai. Gidan da ke da yaro mai cewa "wa ya ce?" a daren nan ya ci riba.

Shi kuma ga nawa saƙon, ka karanta masa. Ɗana, manyan da kake gani ba wawaye ba ne, shakkarsu tana da tushe. Da aka ƙi rigakafin shan-inna a Kano a 2003, maganar da aka yaɗa a kan allurar ba gaskiya ba ce, cutar kuma ta bazu har ƙasashen da ta riga ta bari. Amma mutanen suna tune da gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 lokacin sanƙarau. In ba ka san wannan ba, ba za ka taɓa iya sauya wa dattijo ra'ayi ba, sai dai ka ɓata masa rai. Kuma ba a gyara wa kawu zance a taron suna. Ka bari a watse, ka bi shi gida, ka gaishe shi, ka ce Kawu maganar nan ta ɗazu na ji ta wani iri daban, ko ka duba mini. Sau da yawa shi da kansa zai je ya gyara a majalisarsu, ya ce ai ya bincika.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce. Ina son rubutu, amma in na yi da Hausa ƙawayena sai su ce kamar ban yi lakwal ba. Da wanne zan yi? Daga unguwar Ali Ɗan Tsoho.

AMSA: 'Yata, wa kike so ya karanta? In takardar neman aiki ce, yi da Faransanci, ki kuma gyara shi sosai. In labarin famfon unguwarku ne, matan da ke bin layin da Hausa suka gaya miki, da Hausa kuma za su iya kama ki in kin ƙara gishiri. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 ta fara fita a Zariya, kuma tun Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar bisa kundin da aka amince da shi. Ƙawayenki ne ke baya.

Sai dai wasiƙarki ta zo mini ba ƙugiya ko ɗaya. Kin rubuta "kasa" sau uku, sai da na tsaya na auna ko ƙasa kike nufi ko kin kasa. Ki shiga saitin salularki ki ƙara Hausa a allon rubutu, ɓ da ɗ da ƙ duk suna ciki. Ki rubuto mini layi goma kan layin famfon, da sunan unguwa da ranar da kika je da ƙarfe nawa, ki ƙirgo jarka nawa kika tarar.